Babi na Biyar: Sunan Allah a Bakin Mutanen Kafanchan

Jirgin ƙasa ne ya mai da Kafanchan gari. Kafin zuwansa ƙauyukan Fantswam ne a wurin, manoma da maharba, ga duwatsun Kagoro tsaye a gabas da su. Wajen 1927 layin dogon da ya taso daga Fatakwal ya ratso ta Inugu da Makurɗi ya iso nan, ya zarce ya haɗe da na Kaduna, aka kuma ja reshe zuwa Jos saboda kuza. Daga nan baƙi suka yi ta sauka: ma'aikatan reluwe daga kudu, fatake daga Kano da Zariya, da samarin ƙauyukan kewaye masu neman aikin lebura don su biya haraji. Bajju da Atyap da Agworok da Ham da Nikyob da Gwong, kowa ya zo da harshen da ya sha a nono. Waɗansu suna jin juna, waɗansu ko gaisuwa ba ta haɗa su. Hausa ce ta raba musu gardama a tasha da kasuwa.

Masu wa'azin bishara ma da ita suka kama hanya. Mishan ta SIM ta kafa tasha a Kwoi a 1910, daga baya ta buɗe ta Kagoro, inda makarantar koyon Littafi Mai Tsarki ta girma har ta zama makarantar tauhidi ta ECWA da muka sani a yau. Limaman Katolika su ma suka shigo da makarantunsu. Da suka ga harsunan ƙasar sun fi ƙarfin a koye su ɗaya bayan ɗaya, sai suka riƙe Hausa. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da likita Walter Miller na Zariya ya daɗe yana fama da shi tare da abokan aikinsa. Da wannan littafi kakanninmu suka koyi karatu, da shi aka yi musu baftisma, da shi aka binne su. Yau an fassara Sabon Alkawari da Jju da Tyap, amma har gobe Hausa ce harshen sujada a ƙauyuka da dama, ita ce ta waƙoƙin matan zumunta, ita ce ta addu'ar da tsohuwa ke yi a bakin gado kafin ta kwanta.

Shi ya sa Kirista da Musulmi a wannan ƙasa da suna ɗaya suke kiran Mahaliccinsu. Mutumin Bajju zai ce Kaza a ɗakin uwarsa, na Atyap ya ce Agwaza, na Ham ya ce Nom, amma da zarar an fito titi Allah kowa yake cewa. Ba ko'ina aka sami haka cikin ruwan sanyi ba. A Malesiya sai da maganar ta kai gaban alƙali, a 2013 kuma kotun ɗaukaka ƙara ta hana wata jaridar Katolika buga sunan a shafukanta na harshen Malay. Mu kuwa an kusa shekara 100 ana kiransa daga masallaci da majami'a a gari ɗaya, wani lokaci a layi ɗaya.

Wannan rabo ne babba, kuma yana da nauyinsa. Duk yadda Kirista ya riƙe sunan Allah a bakinsa, maƙwabcinsa yana ji, kuma yana fahimta, domin ba da wani baƙon harshe aka faɗa ba. A nan kudancin Kaduna tsoron Allah a magana ibada ce, kuma shi ne jarin amana da mutum yake tarawa a ranakun lafiya don ranar da gari zai rikice.

Rantsuwa da da yanzu

Kakanninmu ba su ɗauki rantsuwa abin wasa ba. A ƙasar Bajju, idan aka zargi namiji da laifi yakan rantse da fartanyarsa ko da bakansa, wato yana kira wa kansa sara ko harbi in ƙarya yake yi. In maganar ta shafi gari duka, da gangar gari ake rantsewa. Asirin dodo, wanda Atyap ke kira Abwoi, a kan kame baki ya tsaya: yaron da aka shigar ba ya faɗa wa ko mahaifiyarsa abin da ya gani. Mutanen da suka tashi cikin wannan tarbiyya sun san magana tana da haƙƙi tun kafin su ga Bature.

Da bishara ta zo, ta sami wannan tsoro ta juya shi wajen Allah. Cikin dokoki goma da ke sura ta 20 ta littafin Fitowa akwai wadda ta hana a ɗauki sunan Allah a yi aikin banza da shi, ta kuma yi gargaɗi cewa mai yin haka ba zai tafi salin alin ba. A sura ta 5 ta Matiyu, Yesu ya ƙara matse hanyar. Ya koya wa mabiyansa su bar rantsuwa ɗungum, kada su jingina maganarsu da sama ko ƙasa ko kawunansu, amsarsu ta i ko a'a ta tsaya da ƙafarta. Dalilin a fili yake. Mutumin da sai ya rantse ake yarda da shi ya riga ya sanar da jama'a cewa maganarsa iri biyu ce, mai rantsuwa da marar rantsuwa, kuma ta biyun ba abin dogara ba ce.

Wanda yake so ya ga wannan koyarwa tana aiki ya je inda ake cinikin citta. Tun da cuta ta ruɓar da gonakin citta a Kachia da Jaba da Kagarko da kewaye a daminar 2023, iri ya yi wuya ya yi tsada, kuma ido kaɗai ba ya iya raba lafiyayye da mai ciwo. Manomin da ya sayar da akuyarsa ya zo sayen iri, maganar mai sayarwa kawai yake saye. Irin wannan ciniki za ka ji a gaban tsohuwa da buhunta:

"Mama, wannan irin lafiyayye ne?"

"Daga gonata ya fito, ɗana. Gefen fadama ya taɓu, ban haɗa da shi ba. Wannan na tudu ne."

"To ki ce wallahi."

"Ba na rantsuwa. Abin da na gaya maka ke nan. Ɗauki ɗaya ka karya."

Ya zura hannu can ƙasan buhu, ya zaro ɗaya ya karya. Cikinta rawaya ne garau, babu baƙi babu ruwa, ƙamshin ya bugi hancinsa. Ya sake karya wata. Sannan ya tsuguna aka shiga maganar kuɗi. Abin da ya sa ya tsuguna ya wuce citta biyun da ya karya: ita da bakinta ta faɗi aibin gonarta tun ba a tambaye ta ba.

A rumfar gaba wani yana ta zuba wallahi tallahi bai sayo haka ba, ko uwar kuɗinsa ba a kai ba. Kafin a yi nisa ya sallama ƙasa da farashin da ya rantse a kai. Sunansa na iya zama Bitrus, yana iya zama Bala. Ko wanne ne, ya koya wa duk mai sauraro cewa sunan Allah wani salon tayi ne kawai. Malaman Musulunci ma suna tsawatarwa a kan yawan rantsuwa a ciniki, akwai kuma kaffara a kan wanda ya karya rantsuwarsa. Saboda haka Musulmi mai tsoron Allah da ya ji Kirista yana wasa da sunan, ba zai ga sassauci ba, rashin kunya zai gani.

Yawancin majami'unmu ba su hana mutum riƙe Littafi Mai Tsarki a kotu ko ranar karɓar muƙami ba, domin a can hukuma ce ta nema, kuma maganar mai nauyi ce. Dokar ƙasa ta bai wa wanda lamirinsa bai yarda da rantsuwa ba damar ya yi alkawarin faɗin gaskiya kawai. Rantsuwar da take cin mu ita ce ta kullum, wadda ake yi a kan naira hamsin ko a kan wa ya shanye kunun yaro.

Abin da magabata suka yi

Wannan ciwo ya girmi Kafanchan. A shekara ta 387 mutanen Antakiya, birnin da aka fara kiran almajirai Kiristoci, suka yi bore saboda sabon haraji, suka kayar da gumakan Sarki Tiyodosiyas da iyalinsa suka ja su a titi. Da hankali ya dawo, tsoro ya rufe birnin, kowa yana jiran hukuncin sarki. Bishop ɗinsu, wanda dattijo ne, ya kama hanyar fada don ya roƙa musu gafara. A makonnin jiran nan wani limami mai suna Yohanna, wanda daga baya aka yi wa laƙabi da Kirisostom saboda iya magana, ya yi wa'azi fiye da 20. Abin mamaki, a mafi yawansu yakan dawo kan magana ɗaya: ku daina rantsuwa. Ya ba su dabarun gida. Miji ya sa matarsa ta riƙa tuna masa, aboki ya tuna wa aboki, wanda ya rantse ya ɗora wa kansa horo, ko da na kwana ba cin abincin dare ne. Birni yana jiran takobi, mai wa'azi yana maganar baki. Ina ganin ya gane abin da mu ma ya kamata mu gane, cewa jama'ar da ba ta iya riƙe harshenta a ƙaramin abu ba za ta iya riƙe hannunta ranar fushi ba.

A nan Afirka, Agustin, bishop na Hippo, garin da yau ake kira Annaba a Aljeriya, ya faɗa wa jama'arsa a wa'azi cewa shi kansa ya yi kokawa da sabon rantsuwa kafin ya rabu da shi. Abokinsa Posidiyas, wanda ya rubuta tarihinsa bayan rasuwarsa a 430, ya ba da labari cewa a kan teburin cin abincinsa akwai rubutu mai gargaɗin duk wanda zai ci naman wanda ba ya nan, kuma wanda ya rantse a gidan ana rage masa rabonsa na abin sha. A Ingila kuma, a ƙarni na 17, 'yan ɗarikar Kwaka sun sha ɗauri saboda sun ƙi rantsuwa ko a gaban alƙali, har a 1695 majalisa ta yi dokar da ta yarda su yi alkawari a maimakonta. 'Yan kasuwarsu suka yi suna da farashi ɗaya, har mutum yana iya aiken yaro shagonsu hankali kwance. Duka ukun hanya ɗaya suka bi: sun ɗauki abin a matsayin sabo, suka yaƙe shi da sabo, a gida da wurin cin abinci da kanti.

Addu'ar da ke cikin gaisuwa

Kada mai karatu ya ɗauka ana cewa a rage ambaton Allah. Mutumin kudancin Kaduna ba ya iya gama gaisuwa bai ambace shi ba, kuma wannan ado ne. An kwana lafiya? Mun gode Allah. Yaya gona? Da godiya. Sai gobe. Allah ya kai mu. Sunayen yaranmu ma addu'a ne da shaida: Godiya, Alheri, Murna, Ƙauna, Salama, Dogara, Allahmagani. Uwar da ta yi ta ɓari kafin ta sami ɗa, in ta sa masa Nagode, duk kiran da za ta yi masa daga madafa tuni ne na abin da aka yi mata. Wasiƙar Yakubu a sura ta 4 ta ja kunnen fatake masu tsara tafiya da riba kamar gobe a hannunsu take, ta koya musu su rataya shirinsu a kan yardar Ubangiji. Musulmi da Kirista sun haɗu a nan ba tare da an sha wahala ba.

A gidan makoki ake gane wanda ya iya. An jera benci a ƙarƙashin rumfa, matan zumunta da zanensu iri ɗaya suna waƙa a hankali, ɗaya tana bugun bakin tulu da tafin hannu. Dattijon ikilisiya ya shigo, ya cire hula, ya durƙusa gaban matar mamacin ya ce, "Mama, sannu da haƙuri. Ubangiji ya ta'azantar da ku." Ya koma gefe ya zauna, bai ƙara ba. Wani kuwa zai zo da lacca, ya ce mata kada ta yi kuka, nufin Allah ne, alhali a gona aka sare mijin. Wa ya aike shi ya sa hannun Allah a kan aikin mugu? Abokan Ayuba sun zauna da shi kwana bakwai ba su ce uffan ba, kuma babu laifin da aka ɗora musu a kan wannan shirun. Da suka buɗe baki suna bayyana dalilan Allah ne aka tsawata musu a ƙarshen littafin, don sun faɗi abin da ba daidai ba game da shi.

Kalmomin nan masu kyau su ne kuma suka fi saurin lalacewa. Mai bashi ya ce zai biya ranar kasuwa in Allah ya yarda, alhali ya san ba shi da niyya, ya mai da Allah mai tsaya masa a kan ƙarya. Uwa ta yi wa ɗanta Allah ya isa don ya fasa kwano. Saurayi ya ƙwala kiran Yesu don ɗan wasa ya ɓarar da ƙwallo a gidan kallo, da sunan da aka koya masa ya sunkuyar da kai in an ambata. Waɗannan duka sakaci ne, kuma tunatarwa tana gyara su.

Akwai wanda ya fi su muni, shi ne "Allah ya ce mini." Yau ba wuya ka ji mai addu'a ya dubi matar da ba ta haihu ba ya ce Ubangiji ya nuna masa surukarta ce ta ɗaure ta, ko ya nuna wata tsohuwa ko maraya ya ce maye ne. Da wannan magana ɗaya gida ya watse, tsohuwa ta ƙare kwananta a wulaƙance, yaro ya tashi da tabon da ba ya gogewa. Annabi Irmiya a sura ta 23 ya yi kuka da masu ɗora mafarkinsu a bakin Allah alhali bai aike su ba. Wanda ya rantse a kasuwa ya ari sunan Allah don ya ci riba. Wannan kuwa ya ari muryarsa don ya yanke wa bawansa hukunci. Mai tsoron Allah in yana da shawara sai ya ce "a ganina," ya ɗauki nauyin maganarsa da kansa.

Maris 1987

Babu wanda zai yi maganar harshe a Kafanchan ya tsallake ranar Juma'a 6 ga Maris 1987. Ƙungiyar ɗalibai Kiristoci ta Kwalejin Ilimi tana taron farkaswa. Tun kafin ranar an yi ta ce-ce-ku-ce a kan wani ƙyalle da aka rataya mai kiran harabar makarantar ta Yesu, har aka sauke shi. Baƙon mai wa'azi shi ne Rabaran Abubakar Bako, wanda Musulmi ne kafin ya zama Kirista, kuma a wa'azinsa ya jawo ayoyin Alƙur'ani. Ɗalibai Musulmi da suka ji suka ce ya karkata ma'anarsu ya kuma taɓa darajar Annabi Muhammadu. Kiristocin da ke wurin suka ce shaidar tubansa yake bayarwa. Wata ɗaliba ta tashi ta ƙalubalance shi, aka kaure da faɗa, faɗan ya tsallaka cikin gari, aka rasa rayuka, aka lalata masallatai.

Da a nan ya tsaya, da ya isa abin baƙin ciki. Amma labari ya yi arewa, kowane baki yana ƙara masa gishiri. Cikin 'yan kwanaki wuta ta kama a Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina, aka ƙone majami'u fiye da 100, da gidaje da shaguna, aka kashe mutanen da ba su taɓa taka Kafanchan ba, ba su kuma ji ko kalma ɗaya ta wa'azin ba. Gwamnati ta kafa kwamitin bincike na Donli da kotun Mai Shari'a Karibi-Whyte. A Nuwamba 2002 Kaduna ta sake ganin irin haka, lokacin da 'yan layuka a wata jarida game da gasar sarauniyar kyau ta duniya suka jawo mutuwar mutane fiye da 200.

Dole a faɗi abu biyu a nan, kada ɗaya ya danne ɗaya. Na farko, babu maganar da ta halatta zubar da jini, kuma ba magana kaɗai ta haifi waɗannan rigingimu ba. Akwai tsohon ciwo na ƙasa da sarauta da jin an raina mutum, wanda ya sake fashewa a Zangon Kataf a 1992, da Kafanchan a 1999 da 2011. Na biyu, Kirista yana da nasa wajibi wanda laifin wani ba ya sauke masa. Manzo Bitrus ya koyar a riƙa ba da dalilin bangaskiya cikin tawali'u da ladabi. Manzo Bulus ya shekara fiye da biyu yana wa'azi a Afisa, birnin da ke taƙama da haikalin gunkiyarsa, har maƙeran azurfa suka ta da tarzoma don kasuwarsu ta faɗi. Abin da magatakardan birnin ya kwantar da taron da shi, kamar yadda yake a sura ta 19 ta Ayyukan Manzanni, shi ne shaidar cewa mutanen nan ba su yi sata a haikali ba, ba su kuma zagi gunkiyar ba. Bulus bai rage komai daga saƙonsa ba, amma wanda ba ya bin addininsa ya iya tsayawa ya wanke bakinsa a gaban dubban masu fushi. Wannan shi ne ma'aunin da ya kamata duk mai hawa bagade ko mai riƙe lasifika a kasuwa ya auna kansa da shi. Magana zarar bunu ce, kuma a garin da rufin kowa ya taɓa na maƙwabcinsa, mai zara ba rufinsa kaɗai yake taɓawa ba.

Sunan da kake kiran maƙwabci

Sura ta 3 ta wasiƙar Yakubu ta nuna rashin dacewar a yabi Allah da baki, a juya da bakin nan a la'anci mutumin da Allah ya yi cikin kamanninsa. Girmama sunan Allah da girmama sunan mutum ba sa rabuwa. Mutanen wannan yanki sun san zafin suna. An daɗe ana kiransu arna a takardun mulkin mallaka da bakin jama'a, aka kuma laƙaba musu sunayen da ba su suka zaɓa ba. Shi ya sa suka dage a ce Bajju maimakon Kaje, Atyap maimakon Kataf, Ham maimakon Jaba, Adara maimakon Kadara. Mai mutunci yana kiran mutum da sunan da yake amsawa da farin ciki.

Wanda ya san wannan zafi bai kamata ya ɗana wa wani ba. Idan muka kira kowane Bafulatani ɗan ta'adda, ko muka ce wa Bahaushen da aka haifi kakansa a Kafanchan baƙo, mun yi abin da muka yi shekaru muna kuka a kai. Yaron da ya ji haka a bakin babansa ranar Asabar ba zai gane abin da malamar makarantar Lahadi take nufi da ƙaunar maƙwabci ba.

Kame baki kuma ba shiru ba ne a gaban zalunci. An kashe mutane a ƙauyukanmu, an ƙone rumbuna, kuma wajibi ne a faɗa da babbar murya. Marigayi Bishop Joseph Bagobiri, wanda ya fara riƙe dayosis ɗin Katolika na Kafanchan tun kafa shi a 1995, bai ɓoye bakinsa a kan haka ba har rasuwarsa a 2018. Abin da tsoron Allah yake nema shi ne a faɗi abin da ya faru yadda ya faru: ƙauye kaza, rana kaza, mutum kaza. Wanda ya mai da biyar hamsin don a ji tausayi ya yi shaidar zur, ya kuma ba masu musu makamin ƙaryata biyar ɗin na gaske. Yau da labari yake yawo a WhatsApp da Facebook, yatsa ya zama harshe. Tura hoton gawar da ba ka san inda aka ɗauka ba, da rubutun "ku yaɗa saboda Allah" a ƙasa, karya doka biyu ne a lokaci ɗaya: ta shaidar zur da ta sunan Allah.

Baki yana iya gyara ma. Ranar 23 ga Maris 2016 wakilan al'ummomi 29 daga ƙananan hukumomin Jama'a da Kachia da Kaura da Sanga da Zangon Kataf suka sa hannu a kan yarjejeniyar zaman lafiya ta Kafanchan, bayan watanni na tattaunawa da Alice Nderitu ta Kenya ta jagoranta. A ciki suka nemi gafarar juna a bainar jama'a. Takardar ba ta tsayar da kisa ba, domin kafin shekarar ta ƙare an kai hari Godogodo da Goska. Duk da haka ta bar shaida cewa dattawan da kowannensu ya binne nasa suna iya zama wuri ɗaya su furta kalmar da ta fi kowace wuyar fita. Kirista da yake roƙon gafara kullum a addu'ar Ubangiji ya kamata ya riga kowa iya furta ta.

Inda ake koyo

Ba a taron ƙasa ake koyon wannan ba. A gida ake koyo, lokacin da uwa ta ji ɗanta ya ce wallahi a kan alewa ta ce masa, "Faɗi gaskiya kawai, zan yarda," sannan ta yarda ɗin. A zumuntar mata ake koyo, ranar da uwar zumunta ta tsayar da wadda ta kawo gulma da sunan roƙon addu'a. A majalisar dattawa ake koyo, in suka kira mai cewa Allah ya nuna masa maye suka tambaye shi hujja, suka kuma sa shi ƙarƙashin horo in babu. Fasto ma yana koyarwa duk ranar da ya ambaci addinin maƙwabta a wa'azi da irin kalmomin da zai iya maimaitawa a gaban limamin unguwa ba tare da ya sunkuyar da kai ba.

Ribar wannan horo tana zuwa ne a ranar da ba a so. Duk wanda ya zauna a Kafanchan ya san irin yammacin da shaguna ke rufewa da wuri, waya tana ta ƙara, samari sun taru a bakin layi an ce an kashe wani a wani wuri. A irin wannan sa'a ana bukatar mutum ɗaya da zai fito ya ce, "Na bincika, ba haka ba ne, ku koma gida," a kuma koma. Ba kowa ne zai faɗa a ji ba. Za a ji wanda shekara da shekaru ba a taɓa kama shi da ƙarin gishiri ba, wanda bai saba jawo Allah cikin ƙaryar ciniki ba, wanda Musulmin layin da Kiristan layin duka suka san i ɗinsa i ne. Irin wannan mutum ba a ƙera shi ranar tarzoma. Kowace majami'a a kudancin Kaduna ya kamata ta tambayi kanta mutum nawa irinsa take da su, da kuma nawa take renowa cikin yaran da ke zaune a bencin gaba.